Usur da 'Yan Gata: Shin Kuskuren Alƙalan Wasa Na Fifita Wasu Ƙungiyoyi?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a daren da Real Madrid ko Barcelona ke buga wasan Zakarun Turai ya san abin da ke biyo bayan busa ta farko mai ruɗani. Rabin ɗakin zai miƙe tsaye yana cewa an saye rafali, sauran rabin yana cewa baƙin ciki ne kawai. A tashi wasa a koma teburin mai shayi a ɗora daga inda aka tsaya, kowa yana jero wasannin da aka zalunci ƙungiyarsa, da shekara da minti, kamar mai tilawa. Gardamar ba ta ƙarewa saboda abubuwa uku ake cuɗewa a ƙarƙashin kalma ɗaya: kuskuren da ɗan Adam ke yi don idonsa bai gani ba, da karkatar da tsoro ko hayaniya ke sa mutum ya yi ba tare da ya sani ba, sai kuma cin amana na gangan. Idan ba a rarrabe su ba, mai cewa ana fifita manya yana da hujja, mai cewa ba a fifita kowa shi ma yana da tasa, kuma ba za su taɓa haɗuwa ba.

Matsayina tun daga farko shi ne, ƙwarai akwai fifiko, kuma an auna shi an gani. Sai dai mafi yawansa ba a ɗakin otal ake ƙulla shi da jakar kuɗi ba. A cikin fili yake faruwa, a gaban idon kowa, cikin daƙiƙa ɗaya da alƙali yake shakka.

Kafin mu kai nan, sai mun fara tuhumar kanmu, mu masu kallo. Tambayi duk ɗan Najeriya da ya kai shekara arba'in game da ranar 13 ga Fabrairun 2000 a filin wasa na Surulere a Legas. Zai gaya maka yadda Victor Ikpeba ya buga fanareti a wasan ƙarshe na Kofin Afirka da Kamaru, ƙwallo ta daki turken sama ta faɗo bayan layi, alƙalin wasa ɗan Tunisiya ya ce ba ta shiga ba, kofi ya tafi Yawunde. Har yau ciwon bai warke ba, ni ma yana nan a raina. To tambayi wannan mutumin game da ƙwallon da Edin Dzeko ya zura mana a Kofin Duniya na 2014 a Birazil. An ɗaga masa tuta an ce ya yi satar gida, alhali hoton bidiyo ya nuna bai yi ba. Muka ci Bosniya 1-0 da ƙwallon Osaze Odemwingie, muka wuce zagaye na biyu, su suka koma gida. Kaɗan ne a cikinmu ke tuna wannan. A Bosniya kuwa ba su manta ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma a ƙwallo tudun nan ya fi ko'ina tsawo.

Haka lamarin yake a wasan da aka fi kafa hujja da shi a gidajen kallo, Chelsea da Barcelona a Stamford Bridge cikin Mayun 2009, wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai. Alƙalin wasa ɗan Norway, Tom Henning Ovrebo, ya ƙi ba Chelsea fanareti sau da dama, har da taɓa ƙwallo da hannun da Gerard Pique ya yi a fili, Iniesta ya farke a minti na 93, Drogba ya bi kyamara yana zage-zage. An cuci Chelsea a daren nan, wannan ba abin musu ba ne, shi kansa Ovrebo ya amsa daga baya cewa ya tafka kurakurai. Amma a wannan wasan dai ya ba Eric Abidal na Barcelona jan kati kan ƙetar da da ƙyar a ce ya yi ta. Mutumin da aka saya don ya kai Barcelona wasan ƙarshe ba zai rage musu ɗan wasa ana sauran kusan minti 25 suna bin bashin ƙwallo ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne wasan ya fi ƙarfinsa, ya ruɗe.

Lissafin fanareti ma da ake yawo da shi a shafukan sada zumunta yana da irin wannan rauni. An ba Manchester United fanareti 14 a gasar Firimiya ta kakar 2019/20, aka yi ta cewa ga shaida. Amma Leicester ta samu 13 a kakar 2015/16, lokacin da babu wanda zai kira ta 'yar gata, domin Jamie Vardy da Riyad Mahrez suna shiga cikin sha-takwas da gudun da sai an kayar da su. Andy Johnson na Crystal Palace ya ci fanareti 11 a kakar 2004/05, kuma ƙungiyarsa ta faɗa rukunin 'yan dagaji a wannan shekarar. Ƙungiyar da ke riƙe ƙwallo kashi 65 cikin 100, tana wuni a gidan abokiyar karawa, dole ta fi samun bugun daga kai sai mai tsaron gida, dole kuma a fi yi mata ƙeta fiye da yadda take yi. Yawan abin da aka ba ka bai nuna komai ba. Tambayar ita ce, cikin abin da ka cancanta nawa aka ba ka, cikin abin da abokin karawarka ya cancanta nawa aka ba shi.

Daga nan sai wasu su tsallaka zuwa ɗaya ƙarshen su ce ai kuskure yana ramawa, yau a cuce ka gobe a cuci wani dominka, kafin kaka ta ƙare an yi canjaras. Masu sharhi a Ingila suna son wannan magana. Ni ban yarda da ita ba. Wasa 38 ne kacal a kaka, ƙwallo kuma wasa ne da ƙwallo ɗaya tak ke raba gardama sau da yawa, don haka babu isasshen lokacin da sa'a za ta daidaita kanta. Dubi ranar 17 ga Yunin 2020, wasan farko bayan dawowa daga hutun korona, Aston Villa da Sheffield United. Golan Villa, Orjan Nyland, ya kama ƙwallo ya faɗa da ita cikin raga har ya jingina da zare. Agogon hannun alƙalin wasa Michael Oliver, da ya kamata ya sanar da shi idan ƙwallo ta tsallaka layi, bai yi ba. Kamfanin Hawk-Eye mai wannan na'ura ya ba da haƙuri, ya ce jikin 'yan wasa da turke ne suka kare wa kyamarori bakwai gani, abin da bai taɓa faruwa ba a wasanni sama da 9,000. Aka tashi babu ci. A ƙarshen kaka Villa ta tsira da maki 35, Bournemouth ta faɗi da 34. Babu wanda ya ƙulla wa Bournemouth sharri, ba ta ma cikin filin a ranar, amma ta yi shekara biyu kafin ta dawo Firimiya. Wane kuskure ne ya rama mata?

Wannan na'ura ce ta gaza. Inda maganar ta fi nauyi shi ne inda mutum ke yanke hukunci, kuma a nan masana sun yi aikin da ya kamata kowane mai gardama ya sani.

Wasu masana tattalin arziki uku, Luis Garicano da Ignacio Palacios-Huerta da Canice Prendergast, sun ɗauki wasannin La Liga na kakanni biyu a farkon shekarun 1990 suka duba abu ɗaya kawai, wato ƙarin lokacin da alƙali ke yi bayan minti 90. Sun zaɓi wannan ne domin hukunci ne da alƙali ke yankewa shi kaɗai, kuma ana iya ƙirga shi. Suka gano cewa idan masu gida na gaba da ƙwallo ɗaya, ƙarin yakan tsaya a wajen minti biyu. Idan kuwa masu gida ne ke baya da ƙwallo ɗaya, yakan kai wajen minti huɗu. Idan tazarar ta kai ƙwallo biyu ko fiye, inda ƙarin lokaci ba zai canza komai ba, sai bambancin ya ɓace. Wato agogon alƙali yana tafiya daidai matuƙar ba a buƙatar ya karkata. A Jamus, Thomas Dohmen ya sami irin wannan, ya ƙara da wani abu mai ɗaukar hankali: a filayen da ke da hanyar tsere tsakanin 'yan kallo da ciyawa, karkatar ta ragu. 'Yan mitocin da ke nesanta ihun jama'a daga kunnen alƙali sun isa su canza hukuncinsa.

An ma gwada abin kamar a ɗakin gwaji. A wani bincike da Alan Nevill da abokan aikinsa suka wallafa a 2002, an tara alƙalai 40 masu takardar shaida aka nuna musu bidiyon karo-karon da aka yi a wasan Liverpool da Leicester a Anfield. Wasu sun kalla da sautin 'yan kallo, wasu an kashe musu sautin. Waɗanda suka ji ihun sun busa wa masu gida laifi ƙasa da na sauran da kusan kashi 15 cikin 100. Mutanen nan suna zaune ne a kujera, babu mai jifansu, babu mai jiransu a bakin ƙofa, ba kuma wanda ya ba su ko sisi. Ihu kawai suka ji daga lasifika.

Sai korona ta zo ta yi gwajin a duniya baki ɗaya. Aka rufe filaye, aka buga dubban wasanni babu ɗan kallo ko ɗaya, bincike bayan bincike ya nuna katin gargaɗin da ake ba baƙi ya ragu, ratar da ke tsakaninsu da masu gida ta tsuke. A Firimiya ta kakar 2020/21, nasarar waje ta fi ta gida yawa, 153 da 144, abin da ba a taɓa gani ba. Ba duka za a ɗora wa alƙali ba, don 'yan wasa ma jama'arsu na ƙara musu ƙarfi. Amma kati daga aljihun alƙali yake fitowa.

To ga inda wannan ya haɗu da tambayarmu. Kowace ƙungiya tana buga rabin wasanninta a gida, gaskiya ne, amma gida ya fi gida. Old Trafford na ɗaukar mutum sama da 74,000, filin Bournemouth bai wuce 11,000 da 'yan kai ba. Ihun Bernabeu daban, na filin Getafe daban. Idan hayaniya na karkata usur, wanda ya fi jama'a ya fi cin riba, kuma babbar ƙungiya takan tafi waje ma da nata dubban magoya bayan. Akwai wani ƙaramin bincike daga Norway da aka wallafa a 2020, inda aka ba kwamitin ƙwararrun alƙalai bidiyon wuraren da ake taƙaddamar fanareti a wasannin manyan ƙungiyoyin ƙasar. Kwamitin ya ce manyan sun cancanci 10, a fili an ba su 11. Ya ce abokan karawarsu sun cancanci 8, a fili an ba su 1. Adadin ba shi da yawa, ba za a gina hukuncin duniya a kansa ba. Amma ya yi daidai da abin da idonmu ke gani kowane mako: ba wai ana ƙirƙira wa babba abin da bai samu ba, ƙarami ne ake hana wa nasa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sa kanka a matsayin alƙalin. Minti na 88, ɗan gaban ƙaramar ƙungiya ya faɗi a cikin sha-takwas ɗin babba, kai kuma ba ka tabbata ba, rabi da rabi ne a zuciyarka. Idan ka busa kuma ya zamana ka yi kuskure, za a yi mako guda ana nuna fuskarka a talabijin, a tono garinku, a binciko ƙungiyar da kake so kana yaro, a zagi matarka da 'ya'yanka a intanet, mai yiwuwa a ajiye ka na wasu makonni. Idan ka ƙi busawa kuma ya zamana ka yi kuskure, kocin ƙaramar ƙungiya zai yi ƙorafi na minti biyu, jarida ta ba shi layi uku, gobe a manta. Ba sai ka zama mugu ba kafin jikinka ya koyi wane kuskure ne ya fi araha. Kuma barazanar ba tatsuniya ba ce. Anders Frisk na Sweden, ɗaya daga cikin gwanayen zamaninsa, ya ajiye usur a 2005 saboda barazanar kisa bayan wasan Barcelona da Chelsea. An tare Anthony Taylor da iyalinsa a filin jirgin Budapest bayan wasan ƙarshe na Europa na 2023 tsakanin Roma da Sevilla. Tashar talabijin ta Real Madrid ta mayar da shi al'ada ta haɗa bidiyon kurakuran alƙalin da zai busa musu wasa tun kafin a buga, har ta kai alƙali Ricardo de Burgos Bengoetxea ya fashe da kuka gaban 'yan jarida a jajibirin wasan ƙarshe na Copa del Rey na 2025, yana ba da labarin yadda ake ce wa ɗansa a makaranta ubansa ɓarawo ne. Wanda ya shirya irin wannan bidiyo ya san abin da yake nema. Ba wasan jiya yake gyarawa ba, na gobe yake saye da tsoro.

Wannan ne ya sa nake ganin kukan manyan ƙungiyoyi da na ƙanana ba nauyinsu ɗaya ba, ko da kuskuren iri ɗaya ne. Ana cutar manya, sosai ma. Ranar 30 ga Satumban 2023 Luis Diaz ya ci wa Liverpool halastacciyar ƙwallo a gidan Tottenham, mai tuta ya ɗaga, mai kula da VAR (na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙali), Darren England, ya ga babu satar gida amma ya ɗauka an riga an ba da ƙwallon, sai ya ce an gama dubawa, wasa ya ci gaba. Liverpool ta sha kashi 2-1. Cikin 'yan kwanaki hukumar alƙalan Ingila ta amsa laifi, ta saki sautin hirar alƙalan duniya ta ji, ta canza yadda suke magana da juna. Ya kamata a yi hakan. Amma Wolves ta sha irin wannan sau da dama a wannan kakar, tun daga wasan farko da golan Manchester United, Andre Onana, ya yi karo da ɗan wasanta a Old Trafford aka hana ta fanareti, har ta gaji ta kawo shawarar a soke VAR gaba ɗaya a Yunin 2024. Aka kaɗa ƙuri'a, 19 suka ƙi, ita kaɗai ta tsaya. Kuma babba idan an ƙwace masa maki biyu yana da 'yan wasan da za su nemo masa su mako mai zuwa. Ƙarami maki biyun nan ne tsakaninsa da faɗuwa, da sayar da 'yan wasansa, da sallamar ma'aikata.

VAR ɗin da aka kawo, wadda ta shiga Italiya da Jamus a 2017, Sifaniya a 2018, Ingila a 2019, ta rage wasu kurakurai na zahiri. Irin ƙwallayen satar gidan da Cristiano Ronaldo ya ci Bayern Munich a 2017 da wuya su tsaya a yau. Amma ta bar ainihin ƙofar a buɗe, domin ƙa'idarta ita ce ba ta sa baki sai kuskure ya fito ƙarara, kuma mutum ne ke yanke ko ya fito ƙarara ko bai fito ba. Mike Dean ya faɗa da bakinsa cewa a wasan Chelsea da Tottenham na Agustan 2022, wanda shi ne mai kula da VAR a cikinsa, lokacin da Cristian Romero ya finciko gashin Marc Cucurella, bai tura Anthony Taylor ya duba allo ba saboda abokinsa ne, ba ya son ƙara masa wahala a ranar. Tausayin aboki ne, ba kuɗi ba, amma Tottenham ta farke daga kusurwar da ta biyo baya.

Saura na ukun, cin amana na gangan. Masu cewa duk zargi hassada ce su tuna ruwa ba ya tsami banza. A 2006 aka fallasa wayoyin da 'yan sandan Italiya suka naɗa, aka ji shugaban gudanarwar Juventus, Luciano Moggi, yana hira da mutanen da ke raba alƙalai ga wasanni, Paolo Bergamo da Pierluigi Pairetto. Aka ƙwace wa Juventus kofunan 2005 da 2006, aka jefa ta rukuni na biyu, Serie B, aka zabge wa AC Milan da Fiorentina da Lazio da Reggina maki. Abin lura a wannan badaƙala shi ne ba a kan miƙa wa alƙali kuɗi a hannu ta ginu ba. Ta ginu ne a kan wa ke zaɓar alƙali, wa ke ɗaga shi, wa ke ajiye shi. Alƙalin da ya san cigabansa yana hannun abokan wani mutum ba ya buƙatar a kira shi a waya. Shi ya sa batun Negreira a Sifaniya yake da nauyi. A Fabrairun 2023 aka bayyana cewa Barcelona ta biya kamfanonin Jose Maria Enriquez Negreira, mataimakin shugaban kwamitin alƙalan ƙasar, sama da Yuro miliyan 7 tsakanin 2001 da 2018, kuma biyan ya tsaya a shekarar da ya bar kujerar. Barcelona ta ce kuɗin rahotanni ne kan alƙalai. Masu zarginta suna nuna cewa ta yi wasa 78 a jere a La Liga, daga 2016 zuwa 2018, ba a ba abokan karawarta fanareti ko ɗaya ba. Masu kare ta suna nuna cewa a cikin wannan lokacin ne aka hana ta ƙwallon da ta tsallaka layi a gidan Betis, aka kuma hana Messi irinta a gidan Valencia. Duka biyun gaskiya ne. A nawa ganin ko da ba a taɓa nuna wasa ɗaya da aka saya ba, biyan mutumin da ke cikin masu kula da alƙalai na shekara 17 laifi ne a kan kansa, domin ya lalata abin da gasa ta dogara a kai, wato yardar wanda aka ci cewa an ci shi ne da gaskiya.

A nahiyarmu an ga wanda ya fi wannan fitowa fili. A Nuwamban 2016 alƙali ɗan Ghana, Joseph Lamptey, ya ba Afirka ta Kudu fanareti a kan Senegal, a wasan neman gurbin Kofin Duniya na Rasha, bisa taɓa hannu, alhali a ƙafa ƙwallon ta sami Kalidou Koulibaly. FIFA ta gano alaƙar wasan da 'yan caca, ta kore shi har abada, ta sa aka sake wasan bayan shekara guda, Senegal ta ci 2-0 ta tafi Rasha. A 2018 ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya ɗauki alƙalai da dama a ɓoyayyiyar kyamara suna karɓar kuɗi, har shugaban hukumar ƙwallon Ghana, Kwesi Nyantakyi, ya rasa kujerarsa. Sake wasan Senegal ya yiwu ne kawai don an tabbatar da maguɗi. In kuskure ne zalla, doka ta biyar ta dokokin wasa ta ce hukuncin alƙali shi ne na ƙarshe, shi ya sa da kocin Liverpool na lokacin, Jurgen Klopp, ya ce a sake wasansu da Tottenham babu wanda ya saurare shi.

Duk wannan na Turai muna kallonsa ne a allo. Wanda ya fi damuna shi ne na gida, domin duk abin da masanan can suka auna da minti da kashi cikin ɗari, a gasar Najeriya da ido ake ganinsa. Shekara da shekaru cin wasa a waje ya kasance kamar abin al'ajabi, ƙungiya ta lashe kusan duk wasanninta na gida ta zubar da kusan duk na waje. Kano Pillars ta yi kimanin shekara 12 ba a ci ta a gida ba a gasar, har sai da Nasarawa United ta karya tarihin a 2015. Pillars ɗin wancan lokacin gwanaye ne, sun ɗauki kofi a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma duk wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha ya ji ana "Sai Masu Gida" ya san ƙarfin da jama'a ke ba ɗan wasa. Ina alfahari da wannan tarihi. Amma son ƙungiya ba zai hana ni faɗin cewa a gasar da kusan kowa zaki ne a gidansa, tambayar ba ta ƙwarewa kaɗai ba ce. Akwai lokacin da ƙungiyar gida ce ke ɗaukar nauyin masauki da alawus ɗin alƙalan da za su busa mata wasa. Ga doguwar tafiyar mota da baƙi ke yi su iso a gajiye, ga filin da shingensa ba ya hana kowa tsallakowa, ga wasan da ba kyamara ko ɗaya. An sha dukan alƙalai a filaye daban-daban na ƙasar nan, kudu da arewa. Mu ma ba mu tsira ba: a Yunin 2019 a Agege, bayan kunnen doki da Rangers, magoya bayan Pillars sun kutsa fili suna neman alƙali, aka ci tarar ƙungiyar Naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. Da aka fitar da sunayen alƙalan Kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, babu ɗan Najeriya ko ɗaya a ciki, a ƙasar da ta kai wasan ƙarshe a gasar.

Idan sautin lasifika ya isa ya rage busar ƙwararren alƙali a Ingila da kashi 15, me ake tsammani daga wanda ya san bayan an tashi sai ya ratsa cikin jama'ar nan kafin ya kai mota, kuma alawus ɗinsa na watannin baya bai fito ba? Kafin mu yi maganar VAR, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin filayenmu, akwai abin da bai kai ta tsada ba: a biya alƙali daga asusun hukumar gasa a kan lokaci, kada ya ci ko ya kwana da kuɗin mai gida; a ɗauki kowane wasa a bidiyo ko da da kyamara biyu ne, a kuma bari jama'a su gani; a bayyana makin da masu sa ido ke ba alƙalai da dalilin ɗaga wani da ajiye wani; ƙungiyar da magoya bayanta suka taɓa alƙali a zabge mata maki a wannan makon, ko ta gwamna ce ko ta wane, ko da kuwa tamu ce.